Mutumin da Rediyo Ta Binne

Jar fitila tana kunne a saman ƙofar istidiyo lokacin da Jamilu ya turo wata takarda ƙarƙashin hannun Raliya.

Ba ta ɗaga kai ba. Ƙarfe ɗaya ne na rana, lokacin sanarwar rasuwa, kuma tun da aka kafa gidan rediyon Muryar Kwari a Gure, shugaban gida ne yake karanta ta da bakinsa. Haka Malam Abatcha da ya kafa gidan ya yi shekara goma sha shida. Haka ita ma take yi shekara biyar ke nan da ta gaji kujerarsa. A wurinsa ta koyi cewa muddin fitilar nan tana kunne, mai magana ba ya tsayawa, ko da rufin ɗakin ne ya rufto.

Ta gama sunan wata tsohuwa ta Gamu, ta jawo sabuwar takardar, ta ci gaba da murya ɗaya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Sha'ibu Hasan, ma'aikacin wannan gida, rasuwa jiya da la'asar, a hatsarin mota arewa da Kelle..."

Bakinta ya riga zuciyarta.

Sai da sunan ya fita, ya hau tuddan rairayi, ya sauka a kwari da rijiyoyi da bukkokin makiyaya, sannan ta ji abin da ta faɗa.

Ba ta tsaya ba. Ta karanta cewa an yi masa sutura a can. Ta roƙa masa gafara. Ta rufe mikro, fitilar ta mutu.

"Wa ya gani?" ta ce, ba ta juyo ba.

Jamilu, mataimakinta kuma ɗan gwaggonta, yana tsaye jikin ƙofa.

"Direba ne ya kira ni, Madam."

"Wa ya ga fuskarsa, Yaya Jamilu?"

"An samu jakarsa a ƙirjinsa, da katinsa na aiki. Me kuma ya rage?"

Abin da ya rage doka ce. Malam Abatcha ya rubuta ta da hannunsa a allon da ke rataye a biro, wato ofishin shugaba: ba a karanta rasuwar kowa sai mutum biyu sun shaida sun ga gawar. Raliya ta san dokar fiye da kowa, domin a shekararta ta farko ta sallami wani ma'aikaci mai suna Fadilu saboda ya keta ta. Amma a wannan rana ba ta tuna da allo ba. Ta sake duban sunan da ke kan takardar.

"Sha'ibuna..." ta ce a hankali.

Jamilu ya kawar da kai kamar bai ji ba.

Sha'ibu shi ne mai shirin makiyaya. Yakan yi mako biyu ko uku yana bin rijiyoyi, yana ɗaukar cigiyar raƙuma da labarin ciyawa, ya aiko da muryoyin a hannun 'yan kasuwa kafin shi ya iso. Sau biyu manyansa suna zuwa neman auren Raliya, sau biyu mahaifinta Ma'azu, tsohon shugaban lakwal, wato makarantar boko, wanda kowa ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, yana cewa a dakata. Dalilinsa, Sha'ibu ɗan masu lambu ne, kuma a ƙarƙashinta yake aiki. Ga shi kuma Alhajin da ke da gidan rediyon ya buɗe gidan tele, wato talabijin, a Damagaram, ya aiko da takarda cewa ita ya zaɓa ta shugabance shi daga farkon wata mai zuwa. Mushe Ma'azu ya nuna wa duk wanda ya shigo zaurensa takardar nan.

Aka yi zaman makoki a gidan Inna Mairamu, mahaifiyar Sha'ibu. Aka yi sadakar uku. Raliya ta zauna a cikin mata, ba matarsa ba, ba 'yar uwarsa ba, ba wanda ya san irin gaisuwar da zai yi mata.

A rana ta huɗu aka kawo jakar. Akwai rairayi a cikinta. Ta kulle biro da tsakar rana, ta saka muryoyin da ya aiko a cikin jakar a na'ura, ta kunna, muryarsa ta cika ɗakin.

Ya yi cigiyar taguwa mai shaida a wuya. Ya yi hira da wani tsoho kan igiyar guga. Can a ƙarshe sai ya sassauta murya.

"Wannan ba na shiri ba ne, mai gyara ya yanke. Madam... Raliya. Na san ke za ki fara saurara. Ki gaida Mushe, ki ce masa zan dawo karo na uku. Sanyin idona, kada ki tafi Damagaram ban dawo ba."

Ta kashe. Ta sake kunnawa. Sau bakwai ta ji shi kafin la'asar.

Washegari da hantsi, a shirin gaishe-gaishe, wani dattijo ya kira. Iska tana kaɗa wayar, da alama ya hau tudu ne don ya samu rezo, layin waya ya kama.

"Madam ce?"

"Ni ce, Baba. Wa za ka gaisar?"

"Ba gaisuwa ba ce. Mutumin naku bai kwanta ba."

Raliya ta matso kusa da mikro.

"Wane mutum?"

"Mai cigiya. Shekaranjiya ya tsaya a rijiyar Goruba Uku, rana tsaka, fari fat kamar an tono shi daga kanwa. Ya ce mu ba shi ruwa."

"Kun ba shi?"

"Mun ajiye masa salka a ƙasa, muka kora dabbobi."

"Ba ku yi magana da shi ba?"

"Wa zai yi magana da wanda kika ce ya rasu? Ku dai ƙara masa sadaka."

Jamilu ya katse layin daga bayan gilashi, ya saka kiɗa.

"Zafin rana ne, ƙanwata," ya ce da ta fito. "Makiyayi yana ganin tafki ma a inda babu ruwa."

"A tura mota."

"Na riga na tura. An ga kabarin, an sa masa ƙaya."

Kafin sadakar bakwai mutum huɗu suka kira, kowa daga rijiya dabam, kuma kowace rijiya ta fi ta baya kusa da Gure. Wata mata ta ce ta ga yana tafiya a kan tudu, ba takalmi. Wani ya ce ya kira shi da sunansa, shi kuwa ya toshe kunne ya yi ta karatu har ya wuce. Ma'aikata suka daina zama su kaɗai a istidiyo. Raliya kuwa ta ɗauko taswirar da ke biro, tana ɗiga alƙalami a kan kowace rijiya, tana kallon layin yana miƙowa zuwa inda take zaune.

Ranar sadakar bakwai da yamma Gwaggo Barira, mahaifiyar Jamilu, ta riƙe hannunta a soro.

"Wanda ya tafi ya tafi, 'yata. Ga ɗan uwanki nan, tare kuka tashi, aikinku ɗaya. Kya tafi Damagaram ke kaɗai, mace ba miji?"

Raliya ta zare hannunta.

A rana ta takwas, dab da azahar, tana biro sai ta lura hayaniyar titi ta ɗauke. Mai tallan ruwa ya yi shiru. Masu facin taya sun daina bugu. Sai ga Ɗan Talata, tsohon mai gadi, ya faɗo ɗakin ba sallama, hularsa a hannu.

"Madam... yana bakin ƙofa."

Ba ta tambayi ko wane ne ba.

Ta fita. Titin babu kowa, sai kawuna ta bayan katangu. A tsakiyar hanya yana tsaye, ya rame, leɓɓansa sun tsage, ƙafafunsa a naɗe da tsumma, jikinsa fari da ƙurar kanwa.

Ta tsaya taku biyar daga gare shi. Ta dubi ƙasa. Inuwarsa tana nan, 'yar gajeriya, a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ke ma za ki gudu?" ya ce.

Muryar ce. Ita ce ta cikin na'ura, sai dai ta dishe.

Ta taka ɗaya, ta taka biyu. Ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa, a gaban idon unguwa duka.

"Da ɗumi," ta ce, hawaye suna zuba. "Hannunka da ɗumi, Sha'ibu."

"Kwana takwas ke nan ba wanda ya taɓa ni, sai tsohuwa ɗaya."

Ta zaunar da shi a inuwar katanga, ta kawo masa ruwa da kanta, don Ɗan Talata ya ƙi matsowa. Da ya sha, ya faɗa mata yadda aka yi. Ya sauka daga motar tun kafin hatsarin, don ya ɗauki muryar wasu makiyaya. Ya ba wani ɗan kasuwa jakar ya kawo gidan rediyo, kamar yadda ya saba, da katinsa a ciki don a san inda za a kai ta. Mutumin nan ne ya rasu da jakar a ƙirjinsa, shi aka binne.

"Ina zaune ina shan shayi da mutanen da suka sauke ni," ya ce, "rediyonsu tana rataye a itace. Sai muka ji ki. Na ga suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Na yi dariya, na ce ga ni fa. Mai raƙumin da zai kawo ni ya ce, 'Rediyon Madam ba ta taɓa yi mana ƙarya ba.' Ya hau raƙuminsa ya tafi."

"Da ƙafa ka zo?"

"Da ƙafa. Zazzaɓi ya kayar da ni a bukkar wata tsohuwa kurma. Ba ta da rediyo. Ita ta yi jinyata kwana uku."

"Me ya hana ka kira?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Na kira. Wani yakan ajiye mini wayarsa a ƙasa ya koma nesa. Sau uku na samu layin gidan nan. Sau uku Jamilu yana ɗauka, yana jin muryata ya kashe."

Ta tarar da Jamilu a ɗakin injuna.

"Na ji tsoro," ya ce. "Ke da kanki da kin ji muryar mamaci a waya..."

"Sau uku ka ji tsoro, Yaya Jamilu? Motar da ka ce ka tura kuma, tsoro ne ya tuƙa ta?"

Ya gyara wuyan rigarsa.

"Ni takarda na miƙa. Wa ya karanta?"

Gaskiya ya faɗa. Ta juya ta fita.

Duk wanda ya ɗauka dawowar Sha'ibu ita ce ƙarshen wahalarsa bai san ƙarfin abin da aka ji daga bakin da aka amince da shi ba. Liman ya tara mutane bayan sallah, ya ce mutumin nan rayayye ne, babu wani abu a addini da ya hana a gaisa da shi. Kowa ya gyaɗa kai. Da aka tada sallar la'asar, aka bar masa wurin mutum ɗaya dama, wurin mutum ɗaya hagu. Mai shayi ya ware masa kofi, yana turo shi da sanda. Mata sukan ɗauke 'ya'yansu daga hanya.

Inna Mairamu kuwa ta bayan ƙyaure ta yi masa magana.

"Na riga na yi kukanka, ɗana. Na raba tufafinka. Idan kai ne, Allah ya yi maka albarka. Idan ba kai ba ne, me na yi maka?"

"Inna, buɗe ki gani."

"Madam ta faɗa da bakinta. Na ji da kunnena."

Ya koma lambunsu a kwari, ya zauna a bukkar gadi cikin dabino.

Alhajin Damagaram ya kira Raliya a wannan yammaci.

"Na ji abin da ya faru. Ga yadda za a yi. Jamilu zai karanta gyara, layi biyu, a ce kuskuren daga direba ne. Ke kada sunanki ya shiga."

"Ranka ya daɗe, ni na karanta."

"Na sani, kuma ba na son in ji. Idan kika amsa da bakinki a iska cewa kin binne mai rai, ba zan iya sa fuskarki a tele ba. Wa zai yarda da labaranmu? Saura kwana tara. Ki yi shiru ki zo."

Jamilu ya karanta gyaran sau uku. Bai amfana komai ba. Masu kira suka ce ba muryar Madam ba ce. Wasu suka ce ai ga shi nan, ita da ta san gaskiya ta ƙi buɗe baki. Tsoron ma ya ƙaru.

Raliya ta samu mahaifinta a zaure. Ta durƙusa gefen tabarma.

"Baba, Sha'ibu ya ce zai turo manyansa karo na uku."

Mushe Ma'azu ya cire tabarau, ya ninke shi a hankali.

"Raliya, na san aure bakwai na kakanninki, na san waliyyin kowanne. A zuriyarmu ba a taɓa ɗaura aure da wanda aka ci sadakar bakwai ɗinsa ba."

"An taɓa samun irinsa ne, Baba, balle a hana shi?"

Tambayar ta shige shi, amma bai nuna ba.

"Ni na yi karatu, na san yaron nan mutum ne. Amma aure ba a yinsa da ango kaɗai. Wa zai zauna kusa da shi? Wa zai ci goron? Uwarsa ma ba ta buɗe masa ƙofa ba. Ki tafi Damagaram. Mace ta farko daga Gure a kan irin wannan kujera, ba za a zubar da ita saboda takarda guda ba."

"Shi fa?"

"Mutane za su manta."

"Ba za su manta ba, Baba. Ni na koya musu kada su yi shakkar abin da na faɗa."

Washegari da hantsi ta gangara kwari. Rairayi yana zamewa ƙarƙashin takalminta har ta isa ƙasa, inda iska ta yi sanyi kuma ƙasa ta yi danshi. Lambunan da ke maƙwabtaka da nasu duk babu kowa, rogo ya fara yaushi don masu shi sun daina zuwa ban ruwa. Ta same shi yana ɗaure kaya a buhu.

"Ina zuwa?"

"Inda muryarki ba ta kaiwa. Ko Difa, ko gaba da nan. A can ni mutum ne kamar kowa."

"Ka bar ni?"

"Na ji abin da Alhaji ya ce. Ɗan Talata ya faɗa mini, daga can bakin shinge." Ya ɗan yi murmushi. "Shekara goma sha biyar kina hawa, Raliya. Kin fara da share kaset. Ba zan zama ni ne ramin da kika faɗa ba."

"Kai ka ce kada in tafi ba ka dawo ba."

"To na dawo. Yanzu ki tafi."

"Ba ka dawo ba, Sha'ibu. Jikinka ne ya iso. Sunanka yana can inda na ajiye shi."

Ya sunkuyar da kai. Ya saki igiyar buhun.

"Wani lokaci," ya ce a hankali, "idan na zauna a nan ni kaɗai, ba wanda ya kira sunana tun safe, sai in ce ko su ne da gaskiya. Sai in ciji yatsana."

"Kada ka ƙara faɗin haka."

"Hasken raina, ki bar ni in tafi da mutuncinki a tsaye."

"Gobe kasuwa," ta ce. "Makiyaya za su cika gari. Ka zo gidan rediyo kafin ƙarfe ɗaya. Idan ba ka zo ba, zan yi maganar ni kaɗai, ka ga ka yi asarar tafiya ni kuma na yi ta kujera."

"Umarnin Madam ne?"

"Na ƙarshe."

Ya zo. Ma'aikata suka manne da bango ya wuce. Jamilu ya tare ƙofar istidiyo.

"Ƙanwata, ki yi tunani. Alhaji yana saurare."

"Na sani. Matsa."

Ta zaunar da Sha'ibu a kujerar baƙo, ta buɗe mikro biyu. A kasuwa, a tasha, a ƙarƙashin kowace rumfa, rediyo tana kunne.

"Jama'ar Gure, da Gamu, da Kelle, da masu saurarenmu a rijiyoyi, Raliya Ma'azu ce. Yau babu sanarwar rasuwa. Kwana goma sha biyu da suka wuce na karanta muku cewa Malam Sha'ibu Hasan ya rasu. Ba gaskiya ba ne. Ba direba ne ya yi kuskuren ba, ni ce. Ban nemi shaidu biyu ba kamar yadda dokar gidan nan ta ce. Wanda aka binne ɗan kasuwa ne da ya ɗauko masa jaka, Allah ya ji ƙansa, kuma muna cigiyar danginsa, domin har yau ba su sani ba."

Ta numfasa.

"Kun yarda da ni ranar da na yi kuskure. Ina roƙonku ku yarda da ni yau. Ga shi nan a gabana. Na riƙe hannunsa, ina jin jininsa yana bugawa. Malam Sha'ibu, yi musu magana."

Ya matso kusa da mikro.

"Ni ne. Mutanen Goruba Uku, na gode da salkar ruwa, tana wurina, zan mayar. Inna... yunwa nake ji."

Raliya ta danne kukan da ya taso mata, ta ci gaba.

"Shekara biyar da suka wuce na sallami Malam Fadilu daga aiki saboda wannan laifi, shi kuwa wanda ya sanar ɗin ma ya rasu da gaske. Na ce masa doka ba ta san fuska ba. Abin da na yanke masa shi na yanke wa kaina. Daga yau na sauka daga shugabancin wannan gida. Ku yafe mini."

Ta rufe mikro.

Wayarta ta fara ruri tun kafin ta tashi. Ta ga sunan Alhaji, ta ɗauka.

"Kin zaɓa," ya ce.

"Na zaɓa, ranka ya daɗe."

Ya kashe. Daga baya an ba wani daga Yamai kujerar tele, aka ba Jamilu riƙon gidan rediyo. Raliya ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Ɗan Talata ne ya ba mai shayi labarin kiran nan uku, mai shayi kuma ya ba gari.

Da suka fito, titin ya cika maƙil. Makiyaya da rawunansu, mata da ƙwaryar nono, kowa ya tsaya nesa, an bar fili a tsakiya. Ba wanda ya gudu, ba kuma wanda ya matso.

Sai taron ya dare. Mushe Ma'azu ne, da babbar riga da sanda, yana tafe a hankali kamar yadda yake shiga aji a da. Ya ratsa filin shi kaɗai. Ya tsaya gaban Sha'ibu, ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya miƙa masa hannu. Ya riƙe shi ya daɗe, don kowa ya gani.

"Sannu da hanya, Malam Sha'ibu."

"Yauwa, Mushe."

Tsohon ya juya ga 'yarsa.

"Shekara talatin da biyu na yi ina shugabanci. Na hukunta mutane da yawa. Ban tuna ranar da na hukunta kaina ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Na ce miki ba a taɓa yi ba a zuriyarmu. To, a fara daga kaina. Ya turo manyansa ranar Juma'a."

Wani dattijon makiyayi ne ya fara matsowa. Ya taɓa hannun rigar Sha'ibu da yatsa ɗaya, ya janye, ya sake taɓawa.

"Kai ne dai?"

"Ni ne, Baba."

"To ina labarin taguwata?"

Aka fashe da dariya, daga nan filin ya rufe.

Inna Mairamu ba ta zo kasuwa ba. Da suka isa gidan suka tarar da ƙyauren a buɗe, tana zaune a bakin murhu tana tuƙa tuwo tana kuka. Ba ta ɗago ba sai da ya durƙusa a gabanta. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta bar masa gari a kumatu.

"Ka rame," ta ce. "Ba ka da riga ko ɗaya a gidan nan, duk na bayar."

An ɗaura auren bayan makonni uku. Goron bai isa ba. Raliya ba ta koma gaban mikro ba, sai dai takan bi mijinta rijiyoyi, ita ke riƙe na'ura shi yana tambaya, kuma ba ta taɓa yarda ya aika da jakarsa a hannun kowa ba.

Abu ɗaya ne bai bar ta ba. Idan ya kishingiɗa da rana a inuwar dabino, barci ya ɗauke shi, ya yi shiru da yawa, sai ta ajiye abin da take yi. Ta matso a hankali, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, ta jira.

Shi kuwa ba ya buɗe ido.

"Ina nan, Madam," yakan ce.